Da'ira Mai Kusurwa

Fulin injin markaɗen gidanmu ya fashe a makon da Baba ya kwanta ciwo. Fuli shi ne faifan ƙarfen nan da bel yake hawa kansa ya juya injin. Baba ya tsince ɓaraguzan ya zuba a wani tsohon kwano, ya tura ƙarƙashin bencin zaure, ya ce in ya miƙe zai san yadda zai yi da shi. Bai miƙe ba. Da hantsi muka kai shi makwancinsa, muka dawo aka baza tabarmi a ƙofar gida, na zauna ina amsa gaisuwa da Hausa da Yarbanci. Ban yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, don ni mutum ne mai saurin hawa, abu kaɗan ke sa in yi ta faɗa har maƙwabta su leƙo. Kawai dai ban ji komai ba. Ana cewa Allah ya jiƙansa ina cewa amin, ina kallon wani ƙuda da ke yawo a bakin butar alwala.

A unguwar Sabo ta Ibadan aka haife ni, a nan na yi wayo. Inna kuwa daga ƙasar Kano aka kawo ta tana amarya, kuma duk daɗewarta a Ibadan Yarbancinta bai wuce gaisuwa ba, don ba fita take yi ba. Injin yana wani ɗaki da ke manne da zaure, ƙofarsa na kallon tsakar gida. Baba ke tayar da shi bayan sallar asuba, Inna ke zuba kaya. Ita ta san wace mata ke son wakenta ya yi laushi don ƙosai, wace ce ke son na alale, wace ce za ta aiko da gero ta kuma aiko da ƙorafi a bayansa. Yawancin kokon da 'yan dako ke sha da safe a layinmu ta hannunta ya bi. Tun da injin ya tsaya, robobin unguwa suka koma wajen wani mai inji a Mokola, gidanmu ya yi tsit.

Ni ne ɗanta na fari, kuma ni kaɗai ne namiji, ƙannena mata duk sun yi aure sun watse. Saboda kunyar ɗan fari Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In abincina na hucewa sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mutumin nan tuwo na sanyi," ko da daga ni sai ita a gidan. Ina yaro abin yana ƙona mini rai. Ina ganin iyayen abokaina Yarbawa suna rungume su a ƙofar makaranta suna yi musu kirari, ni kuwa sai dai a aika mini saƙo ta bango. Da na girma na daina lura.

Kawu, wato yayan Inna, ya zo gaisuwa bayan an yi addu'ar bakwai. Fataucin albasa yake yi, yana biyo mota daga arewa ya sauke kaya a kasuwar Shasha ya juya. Bayan ya ci abinci ya wanke hannu ya kira ni zaure, ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga bayan labule.

Ya ce, "In ta fita takaba zan biyo mota in ɗauke ta. Mace ba miji, ba sana'a, a ƙasar mutane, zaman me take yi?"

Na ce, "Akwai inji, Kawu."

Ya sa bakin takalminsa ya jawo kwanon ɓaraguzan daga ƙarƙashin benci, ya leƙa ciki. "Wannan ne injin?" Ya mayar da shi. "To. In na dawo na tarar yana juyawa, sai mu zauna mu yi magana. In ba haka ba, ta ɗaure kayanta."

Na san Inna ba za ta musa wa yayanta ba. Na kuma san ko za a yanka ta ba za ta buɗe baki a gabansa ta ce tana son zama kusa da ɗanta ba, ba a faɗar wannan. Ni kaina ban san ko tana so ɗin ba. Na raka Kawu bakin titi ya hau tasi, na dawo na mayar da bencin wurinsa.

Na je kasuwar Gate wajen masu sayar da kayan inji, na bi rumfa rumfa da gutsuren fulin a aljihu. Injin namu tsoho ne, ya girme ni, sandar da fulin ke shiga ba irin ta yanzu ba ce. Kowa ya karɓa ya jujjuya ya miƙo mini. Wani ya ce in sayar da injin a kilo in huta. Da a da ne da sai an raba mu, amma ranar na ce masa na gode.

A lokacin, wajen tsakiyar shekarun casa'in, ina aikin zane a wani ƙaramin ofis a saman bene a Dugbe. Mai ofishin wani dattijon injiniya ne Bayarabe, Oga muke ce masa. Muna zana wa ƙananan masana'antu sassan inji, na gurzar rogo, na buga bulo, na matsar manja. Da a kan allo muke zane da fensir, sai Oga ya sayo kwamfuta ta hannu, ya koya mini yadda ake gina abu a cikinta da tsawo da faɗi da kauri, a juya shi a duba ta kowane gefe kafin a taɓa ƙarfe. Tun daga ranar allon zanen ya koma wurin ajiye kwanon abinci.

Abu na farko da ya koya mini shi ne kwamfuta ba ta zana da'ira. A cikin cikinta ta san da'irar sarai, ta san tsakiyarta da faɗinta har abin da ido ba ya gani. Amma in za ta nuna maka a allo, gajerun layuka miƙaƙƙu take jerawa kai da kai har su zagayo su haɗe. Akwai wurin da ake sa mata lamba, a gaya mata yawan layukan da za ta jera. In ka sa ƙaramar lamba, da'irar za ta fito da kusurwoyi kamar kan noti, amma aiki zai yi ta gudu, ka juya abu ya juyu nan take. In ka sa babba, da'irar za ta fito sumul, amma ko matso da hoton ka yi sai ta tsaya ta sake lissafa kowane layi. Sai ka sauka ƙasa ka yi alwala ka dawo ba ta gama ba. Dokar Oga ita ce a yi aiki da ƙaramar lamba, sai an zo bugawa a takarda a ɗaga ta. Dalilinsa, in an ce ta buga abu mai kauri ta ɓoye layukan da ke baya, yadda ta datsa shi haka za ta buga, ba ta gyara komai.

Da na koma aiki bayan rasuwar, Oga ya dafa kafaɗata ya ce, "Pele, Malam," wato sannu da Yarbanci, ya ba ni aiki mai sauƙi. Ni kuwa na je wurin lambar nan na ɗaga ta har ƙarshe, na bar ta a haka. In taɓa linzamin kwamfutar sau ɗaya, allon ya goge, layuka su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya daga sama, ni kuma in naɗe hannu in zuba musu ido. Duk wanda ya shigo zai ga ma'aikaci yana jiran na'ura. Ba wanda zai ce mini yi haƙuri, ba wanda zai tambaye ni ya Inna. Fanka na juyawa, 'yan tasi na ta hon a ƙasa, ƙaramar fitilar kwamfutar na ƙiftawa. Ba tunanin Baba nake yi ba. Ba na tunanin komai, kuma wannan zaman ya fi mini ko'ina daɗi a lokacin.

Oga ba yaro ba ne. Wata rana ya tsaya a bayana ya daɗe, sannan ya miƙa hannu ta saman kafaɗata ya buɗe wurin saitin ya ga lambar. Ya ce da Yarbanci, "Wannan ramin noti ne kake zana wa, ba idon mutum ba. Wa zai duba santsinsa?" Ya sauke ta ya koma kujerarsa. Yana fita cin abinci na mayar da ita sama.

Haka kwanakin takabar suka yi ta tafiya. In dawo gida in tarar da Inna a kan tabarma da carbinta, cikin zanen da ba ta sauyawa sai don wanki, ba kwalli ba turare. In gaishe ta, ta amsa wa bango. Kwanon ɓaraguzan yana nan ƙarƙashin benci, gizo-gizo ya yi masa murfi. Kullum ina wucewa ta gabansa ina cewa gobe, har aka daina zuwa gaisuwa, har damina ta sauka sosai.

Ranar wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar ta sauko da kwanukan jerenta duka, waɗanda aka kawo ta da su daga gida, ta wanke ta kife a tsakar gida suna shan rana. A gefe ga wani tsohon zanen gado ta shimfiɗa, ta fara jera waɗanda suka bushe a kai, ƙarami cikin babba. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "A gaya wa mutumin nan an aiko daga Shasha. Motar Yaya na tasowa mako mai zuwa."

Na tsaya da sallaya a hammata ina kallon kwanukan. Ko a nan ban ji wani abu ya tsinke mini ba. Lissafi kawai na yi, irin na wurin aiki: in ta tafi, gidan nan zai zama ni da benci da mataccen inji, kuma ba wanda zai ƙara aiko mini saƙo ta bango. Na koma zaure na sunkuya na jawo kwanon ɓaraguzan.

Washegari Asabar, ba a aiki. Lokacin ana wahalar mai, motoci sun yi layi tun daga Mokola har inda ido ya tsaya, wutar gwamnati kuma ta yi kwanaki ba ta leƙo Dugbe ba. Na sami Oga a gida na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya ba ni makulli ya ce akwai ɗan mai a cikin janareto, in ƙarar da shi, amma in ya ƙare ya ƙare, shi ma ba shi da wani. Wani zai ce me ya hana ni share allon zane in ɗauki kamfas. Ban san amsar ba. A kwanakin nan abin da hannuna ya saba yi shi kaɗai nake iyawa.

Na baza ɓaraguzan a kan tebur na harhaɗa su. Wasu sun ɓata, amma abin da ya rage ya isa in auna faɗin fulin, da kaurin bakinsa, da lanƙwasar hannuwan da suka haɗa tsakiya da baki, da ramin sandar. A jikin wani gutsure akwai shatin babban yatsan Baba cikin busasshen baƙin mai. Na auna ta gefensa ban goge ba. Na sauke lambar ƙasa sosai na fara gini. Rabon da in ga kwamfutar nan tana gudu haka har na manta. Kafin azahar fulin ya tsaya a allo, da hannuwansa da raminsa, bakinsa duk kusurwa. Ban damu ba, na san a cikinta zagayayye ne.

Saura bugawa. Maƙeran da ke zuba irin wannan abu takarda suke so daidai girman abin, su manna a kan katako su sassaƙa. Na ɗaga lambar yadda doka ta ce, na ce ta ɓoye layukan baya ta shirya bugu. Allon ya goge. Fitilar ta fara ƙiftawa. Na naɗe hannu kamar kullum, sai dai wannan karon jiran bai yi mini daɗi ba. Fulin yana da lanƙwasa ko'ina, kowace lanƙwasa sai ta yayyanka ta ƙanana ta duba wace ce a gaba wace ce a baya. Na yi sallah a gefen tebur na idar, ba ta kai rabi ba.

Sai janareton ya yi tari. Ya ɗan sauke murya ya sake ɗagowa, fanka ta yi kasala ta farfaɗo. Na san wannan tarin, na ƙarshen mai ne. In na jira santsi, zai mutu ya bar ni ba ko layi ɗaya a takarda. Na katse lissafin, na sauke lambar, na sake ba ta umarni. Kafin in gyara zama ta gama. Na'urar bugu ta cafki alƙalaminta ta fara kai da kawo a kan takardar, ta zana fulin da duk awonsa a rubuce a gefe, daidai ba ragi. Tana ajiye alƙalamin ba da jimawa ba janareton ya yi shiru. Na naɗe takardar na kulle ofis.

Na hau mota zuwa Ojoo. Can bayan tasha akwai wani maƙeri mutumin Sakkwato mai zuba tukwanen alminiyam, yana narka tsofaffin fistin da fasassun tukwane ya zuba a cikin damshin yashi. Baba ya san shi. Na warware masa takardar a kan gwiwarsa, na nuna masa awon, na ce na'ura ce ta zana, daidai girmansa ne, ya bi kawai. Na ce ramin tsakiya ya bar shi a matse, zan kai a fafe a injin sassaƙar ƙarfe. Ya riƙe takardar da yatsu biyu kamar mai riƙe shafin littafi, ya ce in dawo Laraba. Ban ce masa bakin zagayayye ne ba. Wa ke gaya wa maƙeri cewa fuli zagayayye ne?

Ranar Laraba ya shiga rumfa ya fito da shi a naɗe cikin buhu, ya buɗe a gabana yana murmushi. Fulin yana ta ƙyalli. Hannuwansa sun fito da kyau. Bakinsa kuwa kusurwa bayan kusurwa, kowane gefe an bi shi da zarto an shafe shi sumul, ba wanda ya fi wani tsawo.

Na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya ce, "Abin da ka kawo."

A nan na fashe. Na ce a duk duniya ina ya taɓa ganin fuli mai kusurwa? Na ce shekara nawa yana zuba tukunya, ya taɓa zuba mai kusurwa? Na ce ko makaho aka ba wa ya shafa ya san abin da bel ke hawa zagaye yake. Masu jiran mota suka fara matsowa, wani mai rake ya ajiye wuƙarsa ya zo kallo. Maƙerin ya bari har na gaji, sannan ya ɗauko katakon da ya sassaƙa, da takardata manne a jiki, ya ɗora a kan fulin. Ko gashi bai kauce ba.

Ya ce, "Kai ka ce injin lissafi ya zana, in bi. Na ga kusurwa, na ce wanga ba kuskure ba ne, injin Turawa ba ya kuskure, sabon yayi ne. Mi zan sani? Da zagaye ne ai da na ƙare tun shekaranjiya. Kusurwoyin ga su suka hana ni sakat, sai da na auna kowace."

Ƙirjina yana zafi, sai na lura rabona da jin zafin nan tun kafin a binne Baba. Na so ya daɗe. Kafin in kai bakin titi da buhun a kafaɗa ya mutu, na koma yadda nake.

Ban fid da rai ba, don gyaran ba wuya. Na wuce Mokola wajen wani Bayarabe mai injin sassaƙar ƙarfe. Yana ganin fulin ya kwashe da dariya har da dafa bango, ya ce zai fafe ramin tukuna, sannan ya aske bakin ya zagaye, aikin ɗan lokaci ne. Unguwarsu da wuta ranar. Ya ɗaura shi ya fafe ramin daidai awon da na rubuta, ya gwada, ya zauna cif. Ya juya shi zai fara askin bakin, aka ɗauke wuta. Muka zauna a kan benci muna kallon titi har la'asar ta yi sanyi. Washegari na koma, ba wuta. Ranar Juma'a ma haka. Na ɗauko abina na kawo gida.

Ranar ce Inna ta fita takaba. Matan unguwa sun cika tsakar gida, an yi mata kitso, ta sa sabon zane, ana ta yi mata barka da fita. Ƙullin kwanukanta yana jingine a bakin ƙofar ɗaki. Ni ina ɗakin inji da sifana, na zura fulin a sandarsa, na ɗaure, na ɗora bel. Ban tayar ba. Na rufe ƙofar na je na yi wanka.

Washegari Kawu ya iso da safe, yana warin albasa da hanya. Motarsu za ta juya da yamma. Ya sha koko, ya ce to, a nuna masa. Na zuba mai na ja hannun injin, ya yi tari ya kama. Bel ya fara gudu. Da can muryar injin nan shiiii ce mai tsawo, in ka saba har barci take sa ka. Yanzu kuwa duk kusurwar da bel ya hau sai ya mare ta, ɓaf-ɓaf-ɓaf-ɓaf, ƙasa na rawa, ƙullin kwanukan Inna na amsawa daga tsakar gida. Amma yana juyawa.

Kawu ya sunkuya ya ƙura wa fulin ido, ya sa na kashe don ya gani da kyau. Ya ce, "Wannan fuli ne ko taro?" Yana nufin tsohon kuɗin nan mai kusurwoyi. Na sake tayarwa. Kafin wani lokaci an fara sallama a zaure, maƙwabta sun ji ƙara sun aiko da robobin wake da tattasai. Inna ta fito ta ɗaura tsohon zane a kan sabon, ta wuce mu ta shiga ɗakin inji ta fara zubawa. Ƙullu ya fito da laushi yadda ya saba.

Kawu ya girgiza kai. Ya ɗaga murya saboda ƙarar. "Yana juyawa kam, ban ce ba ya juyawa ba. Amma wannan ai liƙe-liƙe ne, ba zai kai wata ba zai watse. Ni ba zan bar ƙanwata a kan wannan ba. A fito da kaya."

Ni dai ina tsaye da tsumma a hannu. Gaskiya ya faɗa, daidai abin da ya gani. Sai Inna ta yi magana, hannunta cikin wake, idonta a kan mazubin injin.

Ta ce, "Yaya, ka ji yadda yake bugawa? Mai gidan nan bai taɓa barin inji yana wannan kuka ba. Mutumin nan bai gama aikinsa ba. Ba zan sa ƙafa in fita in bar abin ubansa a haka ba, a ce a gabana aka lalata shi. In ya gyara ya daina bugawa, sai a aika maka."

Kawu ya juyo gare ni. "Yaushe za ka gyara?"

Aikin bai fi a ɗaura shi a aske ba, kuma na ji an ce za a kawo wuta Mokola ranar Litinin. Na buɗe baki zan ce Litinin. Sai Inna ta ɗago ta dube ni. Ba bango ba, ba gefena ba, ni. Bai kai ƙiftawar ido biyu ba ta mayar da kanta kan wake.

Na ce, "Sai an samu wuta, Kawu."

Ya dube ni, ya dubi bayan ƙanwarsa, ya daɗe yana sosa gemu. Sannan ya ce, "To, Allah ya kawo wutar." Da yamma na raka shi Shasha da ƙullin goro da Inna ta ba shi ya kai gida. Da na dawo na tarar an kwance zanen gadon, kwanuka sun koma kan kabad. Na zauna a bencin zaure. Ranar ma ban yi kuka ba, kukan sai can gaba ya zo, a kan wani abu da bai kai ya kawo ba. Abin da na ji ranar yunwa ce, irin wadda na daɗe ban ji ba. Daga ciki aka ce a gaya wa mutumin nan tuwo na sanyi.

An kawo wuta ranar Litinin. Mai injin sassaƙa ya hango ni a bakin titi ya ƙwala mini kira, ya ce in kawo abin dariyar nan ya aske mini. Na ce ina zuwa. Duk lokacin da Kawu ya sauke albasa sai ya biyo ya tsaya a zaure ya saurara, ya ce har yanzu ba a samu wutar ba? In ce har yanzu. Ya ci abinci ya tafi. Maƙwabta suka yi ƙorafin ƙara suka gaji, ni na yi aure, aka haifa mini 'ya a cikin ɓaf-ɓaf ɗin nan, in an kashe inji ma farkawa take yi.

Amma alminiyam ba ya jure bel. A hankali kusurwoyin suka yi ta cinyewa, bugun yana raguwa, ban ma lura ba don kullum ina jinsa. Wata safiya ina ɗaura takalmi zan fita, Inna na tsaye tana zuba gero, ta ce wa bango, "Injin nan ya fara yin shiru." Lokacin albasa ya kusa.

A ofis an riga an sauya kwamfuta. Sabuwar ba ta san jira ba, ko ka ɗaga lambar har ƙarshe kafin ka janye hannu ta zana da'irarta sumul. Na nemo tsohon zanen fulin na buɗe, ya fito zagayayye kamar yadda yake a cikinta tun farko. Sai da na lalubo wurin saitin, don sun sauya masa wuri, na sauke lambar ƙasa har bakin ya koma kusurwa kusurwa. Oga ya leƙo ta saman tabarau ya ce wannan munin fa? Na ce haka mai aikin take so.

Maƙerin Ojoo ya tsufa, amma ya gane ni. Ya warware takardar ya duba, ya ɗago yana jiran in fara faɗa. Ya ce, "Wanga karon in zagaye shi?"

Na ce, "A'a, Malam. Yadda takarda ta nuna."

Na ɗaura sabon da asuba kafin robobi su fara zuwa, na ja hannun injin. Bel ya mari kusurwar farko, kwanuka suka amsa daga kan kabad. Inna ta fito tana gyara ɗaurin zane, ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara na ɗan lokaci. Ta ɗauki robar wake ta fara zubawa.

Ta ce, "A gaya wa mutumin nan har yanzu da sauran gyara."